Garayar Daren Alhamis: Kafin Mu Rufe Ƙofar



A ƙarshen kakar bana aka kawo ƙara zauren maigidanmu, dattijon da muke riƙe wa alƙalami a nan Bibemi. Masu ƙarar suka ce akwai wani gida a bayan gari, ta wajen mayo, inda ake kiɗan garaya duk ranar Alhamis da dare bayan an watse daga kasuwar Adumri. Buƙatarsu ita ce a rufe gidan, a fasa garayar. Maigida ya ce ba ya hukunci a kan jita-jita, ya umurce mu da mu je mu gano masa. Muka tafi mu biyu bayan sallar isha'i, zukatanmu cike da ƙyamar abin tun ba mu gan shi ba.

Ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano, wanda da ƙyar ya ɗauki mutum ashirin. Fitilar caji guda ɗaya aka rataya, hayaƙin turare ya kusa shanye haskenta. A kusurwa wani tsoho ya rungume garaya, yara biyu a gefensa suna kaɗa buta. Tsirkiya biyu ce kawai, amma amonta ƙasa-ƙasa yake fita, mai kauri, har mutum ya ji shi a ƙirji. Tsohon yakan kama zubi guda ya yi ta maimaitawa, sai ka sakankance ka san inda zai sauka, sannan ya karkace ya bar ka a rataye. Muryarsa a dishe take, babu zaƙi a cikinta, kuma ba zaƙin ake nema ba. Kiɗa ne mai nauyi, mai kama da makoki.

Da idonmu ya saba da duhun, sai muka fara gane fuskoki. Ga gwauruwar da aka kora daga gidan mijinta bayan takaba. Ga mai sayar da busasshen kifin Lagdo wadda ta yi ɓari sau uku. Ga saurayin da ya sayar da shanun gidansu ya biya kuɗin fansar mahaifinsa daga hannun masu garkuwa da mutane. Babu mai shewa, babu mai liƙi na alfahari. Wasu sun sunkuyar da kai, wasu hawaye na zuba ba su share ba. Can da dare ya raba, tsohon ya juya zuwa taken iskoki, wata mata ta fara jijjiga. A nan muka miƙe muka fita, domin iyakarmu ke nan.

Mu faɗi matsayinmu a fili, kada a yi mana fassara. Kiran Ɗan Galadima ko Sarkin Rafi ko Inna don neman waraka abu ne da tauhidi bai yarda da shi ba, kuma ba za mu yi masa ado ba. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a gaban malamanmu ta hana sauraron kayan wasa da waƙe-waƙen banza. Imamu Gazali ma, wanda ya buɗe ƙofar sauraro da sharuɗɗa a cikin Ihya'u, ya ware kayan kiɗa masu tsirkiya bai halatta su ba. Saboda haka masu ƙara ba su yi magana a kan jahilci ba. Inda muka saɓa da su shi ne maganin da suka kawo.

Abu na farko, fasa garaya ba ya warkar da abin da ya kai mutane ɗakin. Waɗanda muka gani ba nishaɗi ne ya kai su ba, baƙin ciki ne da bai sami mai sauraro ba. Mu tambayi kanmu da gaskiya: wane ne a cikinmu ya taka ƙafa gidan gwauruwar nan bayan sadakar arba'in? Idan aka rufe wannan ɗaki, wani zai buɗe a ƙauyen da idonmu ba ya kaiwa, kuma a can ne macuta masu karɓar kuɗin marasa lafiya za su sami sarari. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta tarar da matan karkara a cikin bori. Ba ta tsaya ga hani kaɗai ba; ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji masu bin ƙauyuka suna karantar da mata ta hanyar waƙoƙin da take tsarawa da Hausa da Fulatanci. Ta ba su madadi, ta ba su taro, ta ba su wanda zai ji kukansu.

Abu na biyu shi ne harshe. Mu tsiraru ne a ƙasar Lamido. A kasuwa Fulatanci muke yi, a makaranta da ofis Faransanci, Hausar 'ya'yanmu kuwa ta koma ta gaisuwa da ciniki. Amma a bakin tsohon nan mun ji Hausar da rabonmu da ita tun kakanninmu na raye. Kafin ya shiga taken iskoki, ya yi kirarin maharba, domin garaya tun asali kiɗansu ce. Ya ambaci namun dawa da itatuwa da sunayen da samarinmu ba su taɓa ji ba. Ya jero zangunan fatake daga Kano zuwa Yola zuwa Garwa, hanyar da iyayenmu suka biyo da tufafi da kanwa har suka zauna a nan. Wannan duk babu shirka a cikinsa, tarihinmu ne, kuma ba a rubuce yake a ko'ina cikin garin nan ba.

Abin da ya faru da wasu tsirarun Hausawa ya isa ishara. Baturen nan Tremearne, wanda ya wallafa littafinsa kan bori a 1914, a wurin Hausawan Tunis da Tarabulus ya tattara yawancin bayaninsa. A yau zuriyarsu Larabci suke yi, amma a kiɗan sitambali na Tunisiya har yanzu ana jin kalmomin Hausa da masu rerawar kansu ba su cika fahimta ba. Harshen ya mutu a gida da kasuwa, saura kufansa a waƙa. Ba ma fatan jikokinmu su wayi gari a haka.

Ga shawarar da muka kai wa maigida, muna kuma neman ra'ayinku a kanta. A kira tsohon cikin mutunci, da rana, a zaure, a yi masa nasiha a kan kiran iskoki da karɓar kuɗin magani, kamar yadda ake yi wa dattijo, ba a gaban yara ba. A zaunar da samari biyu masu rubutu su ɗauki kirarin maharba da sunayen zanguna daga bakinsa, a naɗa a waya, a kuma rubuta da boko da ajami. Malamai mata na Islamiyya su ɗauki nauyin ziyartar matan da ke zuwa ɗakin, mai ciwon jiki a raka ta asibiti, mai ciwon rai a zauna da ita. Asusun unguwa kuma ya waiwayi wanda fansa ta talauta.

Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Mun shiga ɗakin nan muna zaton duhun nasu ne su kaɗai, muka fito mun gane cewa akwai namu kason, na shekarun da muka yi muna wucewa ta ƙofar maƙwabta ba mu san abin da ke cin su ba. Tsohon ya haura saba'in, hannunsa ya fara rawa a kan tsirkiya. Abin da za mu karɓa daga gare shi, da abin da za mu gyara masa, duka ba su da lokacin jira.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya yaye wa masu damuwa damuwarsu. Amin.