Sharhi: Nauyi Na Neman Kashe Motar Masu Son Tuƙi

Sharhinmu na yau a kan mota ne, salun ɗin nan ta alfarma mai ƙofa huɗu wadda Jamusawa suka fi kowa iya ƙera ta. Ka gan ta a waje kamar motar zuwa ofis, a buɗe maka bonet ka tarar da injin tsere. Magidanci ya kai yara makaranta da ita da safe, da rana ya hau babbar hanyar Jamus, inda wasu sassan ba su da iyakar gudu, ya ba ta wuta. Wannan mota tana cikin wani hali, kuma ciwonta guda ɗaya ne: nauyi. Nauyi, jama'a, nauyi.

Mu ɗauki BMW M5, wadda da yawa ke ɗauka uwa a wannan gida. Ta farko da ta fito a 1985 tana da ƙarfin doki 286, nauyinta wajen kilo 1,430. Wadda aka fitar a 2024 tana da ƙarfin doki 727, nauyinta ya haura kilo 2,400. Tan guda cur aka ɗora a kai cikin shekara arba'in. Ko tsakaninta da wadda ta gada kai tsaye akwai ratar kilo 500 ko fiye, wato kamar a loda wa tsohuwar buhun siminti goma sannan a ce ta fita tsere. Kuma duk da wannan ƙarin ƙarfi, sabuwar tana kaiwa gudun kilomita 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 3.5, alhali wadda ta gada tana yi a 3.4. Ina ƙarfin ya tafi? Nauyi ya cinye shi.

Haka labarin yake a gidan Marsandi. C63 ta 2008 injinta lita 6.2 ne mai fulogi takwas, wanda in aka tayar da shi mutum yana jin rugugin har cikin ƙirjinsa. Wadda aka nuna wa duniya a 2022 fulogi huɗu gare ta, lita biyu, aka haɗa mata batir da injin lantarki. A takarda ƙarfinta ya kai doki 680, amma nauyinta ya wuce kilo 2,100, kuma masoyanta na da sun daɗe suna ƙorafi a kanta.

To daga ina nauyin nan ya fito? A 2020 Tarayyar Turai ta sa wa masu ƙera motoci iyakar hayaƙi: giram 95 a kowace kilomita a matsakaicin lissafin motocin da kamfani ya sayar, da tarar Yuro 95 a kan kowane giram da aka wuce, a kowace mota. Ni ba ni da ja da wannan doka, domin hayaƙi cuta ne, kuma iskar da muke shaƙa ta kowa ce. Inda nake da ja shi ne hanyar da masu ƙera motoci suka bi. Hanya biyu ce a gabansu. Ko dai su rage wa mota jiki ta yadda ƙaramin inji zai ishe ta, ko su bar ta yadda take su ɗora mata batir don ta ci jarrabawar hayaƙi. Suka zaɓi ta biyu, saboda ita ce ke ba su babbar lambar da za su rubuta a talla. Da batir ya shigo, sai aka ga birki ya yi kaɗan, aka ƙara masa girma. Sai taya ta yi kaɗan, aka ƙara mata faɗi. Sai aka ce dole ƙafa huɗun duka su riƙa ja, aka sa tayoyin baya su ma suna juyawa, aka zuba kwamfutoci su riƙa lura da komai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan nauyi ne. Don a rufe wa nauyin asiri sai a ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma ya sake neman birki da taya. Ana magani, kai yana kaba.

Wanda bai damu da tuƙi ba zai ce, to mene ne a ciki, tunda tana gudu? Bari in faɗa muku abin da mai son tuƙi yake nema. Ya doso kwana, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ɗan taɓa birki, ya taka kuloci, ya sauko daga giya ta huɗu zuwa ta uku, ya ji inji ya amsa masa. Ya karya sitiyari, sai tafin hannunsa ya gaya masa ko tayoyin gaba sun kama kwalta ko akwai yashi a kai. Mota mara nauyi tana bin hannunsa nan take. Mai nauyi kuwa jikinta na son wucewa gaba, sai kwamfuta ta shiga tsakani, ta matse wannan taya, ta saki waccan, ta juya ta da ƙarfin tsiya. An sha kwanar lafiya lau, amma direba ya san ba shi ya sha ba. Sitiyarin lantarki ya tace abin da hannu ke ji, gilashi mai kauri ya toshe kukan inji, har ta kai ana sako ƙarar inji ta lasifikar cikin mota don a lallashi kunnen mai ita.

Kada a ɗauka ina gaba da fasaha. Birkin nan mai hana taya ƙamewa, wanda ya shigo motocin alfarma a 1978, da na'urar hana mota zamewa da ta biyo baya a 1995, da jakar iska, sun ceci rayukan da Allah kaɗai ya san adadinsu. Giyar atomatik ta yau ta fi hannun kowane direba sauri. Irin wannan fasaha tana tsaye a bayan direba, sai ya yi kuskure ta tallabe shi. Wadda nake kuka da ita ita ce wadda aka kawo don kawai ta ɗauki nauyin da bai kamata a ɗora ba tun farko.

Tunda maganar fasaha ta taso, ku yi mini haƙuri in ɗan ratse, domin akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato allon nan na taɓawa da aka shimfiɗa a gaban direba. A da, in kana son rage sanyin iyakwandishan, hannunka ya san inda makunnin yake, ka murɗa shi idonka na kan hanya. Yau sai ka kalli allo, ka danna nan, wani shafi ya buɗe, ka ja yatsa, rana ta haske gilashin ka kasa gani, ka sake dannawa. Motar da ke gudun kilomita 100 tana cin wajen mita 28 a daƙiƙa guda. Daƙiƙa uku na kallon allo, an yi tafiyar sama da mita 80 ido a rufe! A motar da aka ce ta masu son tuƙi ce! Har hukumar gwajin lafiyar motoci ta Turai ta ce daga 2026, motar da ke neman cikakken maki sai ta kasance da makunnai na zahiri na sigina, da fitilar gargaɗi, da ham, da waifa, da kiran gaggawa. Ashe dai kukan da direbobi suka daɗe suna yi yana kan hanya.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa da motocinsu? Da ruwanmu, domin abin da aka ƙera a Jamus bana, nan da shekara goma yana kan jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Tsohuwar Marsandin nan da muke kira bi-but har gobe tana yawo a titunanmu, saboda bakanike a Ƙofar Ruwa ko Fanteka ko Apo yana iya sauke injinta ya mayar. Mota mai inji biyu fa, na fetur da na lantarki, da wayoyin nan masu ruwan goro da ke ɗauke da wutar da za ta iya kashe wanda ya taɓa ba da sani ba? Batir ba ya son zafi, ga zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Ga siraran tayoyi a kan rim mai inci 20 da 21, tan biyu da rabi a kansu, su faɗa rami ɗaya. Nauyin da aka ɗora a can, mu ne za mu biya kuɗinsa a nan, a taya, a birki, a gareji.

Kuma kada a ce babu yadda za a yi. Alfa Romeo ta Italiya ta yi Giulia mai ƙarfin doki 510, aka yi bonet da rufinta da zaren kabon mara nauyi, ta tsaya wajen kilo 1,700. A Amurka, Cadillac ta fitar da CT5-V Blackwing a 2021 da fulogi takwas da giyar hannu mai hawa shida. Ashe in an so, ana iyawa.

Don haka kirana ga masu ƙera motoci shi ne su mayar da gasarsu kan wa ya fi rage kilo, su kyale gasar wa ya fi yawan doki. Kai kuma mai saye, kafin ka tambayi ƙarfinta, tambayi nauyinta, ka kuma tambayi wanda zai gyara maka ita a garinku. Matasanmu masu sha'awar mota, iyakar gudun ƙaramar mota a babbar hanyar Nijeriya kilomita 100 ce, kuma titin unguwa ba filin wasan mota ba ne, ko ranar ɗaurin aure ce. Kanikawanmu kuma su tashi su koyi aikin batir da kwamfuta tun yanzu, gwamnatoci da ƙungiyoyinsu su buɗe musu wuraren horo, domin motocin nan suna tafe, kuma rayukan yaran gareji ne a kan wayoyin nan.

Masu sauraro, ƙarshen sharhin ke nan. A tuƙa a hankali, Allah ya kai kowa gida lafiya.