Wutar Da Aka Kashe Ita Ta Haifi Gobara

Akwai wata aƙida da ta yi kaka-gida a zukatan masu kishin muhalli, tun daga ɗan firamare har zuwa mai riƙe da babban muƙami: wai da yawan itatuwa ake auna lafiyar daji, kuma kowace irin wuta abokiyar gabarsa ce. Ni ban yarda da wannan aƙida ba. Hujjata tana kan duwatsun Siyera Nebada na jihar Kalifoniya a Amurka, inda aka yi kusan ƙarni guda ana aiki da ita, har dajin da ake tattali ya koma makamashi.

A gangaren yamma na waɗannan duwatsu, tsakanin kimanin mita 1,000 zuwa 2,000 sama da teku, akwai dajin fayin da fir. Itatuwa ne dogaye masu ganye siriri kamar allura, irinsu kuma yana cikin kwanso. John Muir, wanda ya yi shekaru yana yawo a wurin, ya bayyana a 1894 cewa itatuwan a warwatse suke, har mahayin doki zai ratsa dajin ba tare da wata wahala ba. Wannan tazarar ita ce ran dajin, domin ta nan hasken rana ke sauka ya rayar da talakawan tsirrai. Akwai ciyayi masu tsirowa dunƙule-dunƙule. Akwai lufin, ɗan uwan wake, mai ƙara wa ƙasa sinadarin naitrojin kamar yadda gyaɗa ke yi a gonakinmu. Akwai ƙananan itatuwa irin su manzanita mai jan ɓawo, da siyanotus, wanda irinsa kan yi shekaru kwance a ƙasa yana jiran zafin wuta ya fasa shi kafin ya tsiro. Har da wani jan tsiro marar koren ganye, mai leƙowa bayan narkewar dusar ƙanƙara, wanda ke cin abinci ta hanyar zaruruwan naman kaza da ke manne da saiwoyin manyan itatuwa. Kowane yana da aikinsa, kuma mai ƙidayar itatuwa ba ya lissafa ko ɗaya daga cikinsu.

Me ya riƙe wannan tsari? Wuta. Tabon da ta bari a jikin tsofaffin kututtura ya nuna cewa takan bi dajin kusan duk bayan shekara 10 zuwa 20. Wani lokaci aradu ke tayar da ita, wani lokaci kuma 'yan asalin ƙasar, irin su Miwok da Mono, ke cinna ta da gangan. Wuta ce mai rarrafe a ƙasa, tana cin yayi da ƙirare. Fayin ɗin da ake kira fandarosa yana da ɓawo mai kauri, kuma yakan zubar da rassansa na ƙasa, don haka sai ta lashe shi ta wuce. Shi kuwa farin fir, yana ƙarami ɓawonsa ba shi da kauri, rassansa suna taɓa ƙasa, sai ta rage yawansa.

Sai masu iko suka zo da nasu ilimin. Dokar da Kalifoniya ta kafa a 1850 kan 'yan asalin ƙasar ta haɗa da hukunta wanda ya cinna wa ciyawa wuta. A 1910 wata gagarumar gobara ta cinye kimanin eka miliyan 3 a jihohin Aidaho da Montana, ta kashe fiye da mutum 80, tsoro ya zama manufa. A 1935 hukumar gandun daji ta Amurka ta shimfiɗa ƙa'idar cewa duk wutar da aka kai rahotonta a shawo kanta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. Niyyar mai kyau ce, amma garin gyaran gira aka rasa ido. Fir, da yake yana jure inuwa, ya cike kowace tazara. Ciyayi da furanni suka shaƙe cikin duhu. Busassun rassa suka taru shekara kan shekara, ƙananan itatuwa kuma suka zame wa wuta tsani zuwa ƙololuwar manya. Da farin 2012 zuwa 2016 ya zo, itatuwa masu rububin ruwa ɗan kaɗan suka kasa fitar da ƙaron da suke korar ƙwari masu huda ɓawo da shi, fiye da miliyan 100 suka mutu a jihar. A 2020 gobara guda ta halaka abin da aka ƙiyasta ya kai kashi 10 zuwa 14 cikin ɗari na manyan itatuwan sikoya na duniya, irin itacen da kan haura shekara 2,000 yana shan ƙananan wutatu lafiya lau.

Za a ce da ni ai ɗumamar yanayi ce ta jawo. Tana da hannu, babu musu. Amma zafi busar da makamashi yake yi, ba shi ya tara shi ba. Za a kuma ce ina ba mafarautan da ke banka wa daji wuta da rani don ɓera ɗaya hujja. Ko kusa. Wutar da aka zaɓar wa lokaci, aka share mata iyaka, aka tsaya a kanta, daban take da ta ganganci, kamar yadda askar wanzami ta bambanta da wuƙar ɗan daba. Su kansu Amurkawa sun gane haka, tun 1968 suka fara ƙona wasu sassan gandun Sikoya da Kings Canyon bisa tsari.

Abin da ya sa na damu shi ne irin wannan lissafin nake ji a gangamin dashen itatuwa a ƙasarmu. Kowace damina ana shelar miliyan kaza da aka dasa, ba wanda ke tambayar me aka tarar a wurin, me kuma aka kawar. Ba na jayayya da shingen itatuwa a inda hamada ke kwararowa. Amma jere turare sahu-sahu a kan ciyawar Mambila gonar katako ce, a kira ta da sunanta. Dajinmu na asali ma mai tazara ne: ɗorawa can, kaɗanya can, gamba da sabara a tsakani. Manoman Maraɗi da Damagaram sun fahimci wannan. Ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture a yi masa gyara, sun mayar da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5, gawo yana tsaye gero yana girma a ƙarƙashinsa.

Saboda haka ina kira ga masu tsara manufofin muhalli da su daina ba mu adadi kawai. Kafin a haƙa rami, a tambayi makiyayi da manomi da mai maganin gargajiya abin da ke tsirowa a wurin. A auna nasara da ire-iren tsirran da suka rayu bayan shekara 10, manya da ƙanana. Kalifoniya ta biya kuɗin wannan karatu da itatuwan da suka girmi daular Rum ta Gabas. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.