Ƴan tarminal sun tuna baya, saura mu iyaye mu saurara



A gidan rediyonmu na karkara muna da wata al'ada. Idan jarrabawar bak ta gabato, mukan gayyato ɗaliban ajin tarminal, maza da mata, mu ce kowa ya faɗa mana abin da ba zai manta ba tun daga ranar da aka kai shi lakkwal har zuwa yau. Bana ma mun yi, kuma abin da muka ji ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin akasarin iyayen da maganar ta shafa suna kasuwa lokacin da aka watsa shirin.

Da farko dariya aka yi ta yi. Wani ya tuna ranarsa ta farko a ajin CI, yana rungume da allonsa yana kuka, har sai da mushe ya saya masa ƙosai na dala biyar. Wata ta tuna ajinsu na zana da iska ta kwashe a farkon damina, suka ƙarasa shekara a gindin dogon yaro. Wasu sun tuna tashe cikin azumi, da langa a dandali da farin wata, da satar mangwaro a garkar mutane, da kokawa lokacin hutun tara inda kowane yaro ke bugun ƙirji wai shi ne Isaka Isaka.

To amma da muka tambaye su ina sauran abokan da suka fara CI tare, sai ɗakin ya yi tsit. Kusan kowannensu ya ce waɗanda suka kawo tarminal daga ajinsu na farko ana iya ƙirga su da yatsun hannu. Wannan an cire shi a CM2 ya je tsaron shagon babansa. Wancan ya fara da fashin ranar kasuwa, daga nan ya koma sayar da fetur a kwalba, bai sake dawowa ba. Waccan an yi mata aure tana aji biyu na kolej, alhali ita ce ke ɗaukar na ɗaya. Ba su faɗi haka da fushi ba, sun faɗe shi ne kamar masu lissafin ƴan gidansu da suka yi tafiya.

Ya kamata mu dubi zamanin da yaran nan suka taso a ciki. Wanda ya shiga CI a 2013, idan bai maimaita aji ba, shi ne ke zaman bak a 2026. A watan Agusta na 2019, suna shirin shiga kolej, Najeriya ta rufe iyakokinta. Sai a watan Disamba na 2020 aka buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai a watan Afrilu na 2022. A tsakiyar wannan, cikin watan Maris na 2020, cutar korona ta sa aka rufe makarantu har zuwa watan Yuni. A 2023, shekarar da suka yi birbe, an fara da ƙarancin takardun naira, sannan a watan Mayu aka cire tallafin fetur a Najeriya, farashi ya tashi, ribar masu kwalba ta ragu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, iyaka ta sake rufuwa, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa mana daga Najeriya, ba a buɗe hanya ba sai a watan Maris na 2024. Ke nan shekararsu ta farko a lise da tocila da hasken salula suka yi bitar darasi.

Mu manya muna tuna waɗannan shekaru da asarar da muka yi, albasa ta ruɓe, motoci sun yi layi, jari ya karye. Su kuwa yaran suna tuna su ne da hirar da suka ji ana yi a tsakar gida cikin dare, ko za a bar su a lakkwal ko za a cire su.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne babu ko ɗaya da ya ce ba zai manta da sabon takalmi ko salular da aka saya masa ba. Wani yaro ya ce ranar da ta fi tsaya masa a rai ita ce wata Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, da babansa ya bar rumfa a hannun maƙwabci ya zo lakkwal don ya ji dalilin da makinsa na lissafi ya faɗi. Sau ɗaya tak ya zo cikin shekara goma sha uku, amma yaron ya ce tun daga ranar bai sake wasa da karatu ba. Wata yarinya ta ce lokacin da iyaka ke rufe, uwarta ta sayar da akuyarta ta saya mata littattafai, ta kuma tsaya gaban dangi ta ce ba za a ɗaura wa ɗiyarta aure ba sai ta gama. Wani kuma ubangidan babansa ne ya ce a bar yaron ya yi karatu, shi zai ɗauki wani ɗan aike ya biya.

Mun san amsar da wasu za su ba mu, domin a rumfunanku muke shan shayi. Za a ce ga masu bak nan birjik, har da waɗanda suka gama jami'a a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, suna zaune a fada ba aiki, shi kuwa yaron da ya kama kasuwa da wuri ya sayi babur, ya yi aure, yana ciyar da iyayensa. Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, ba za mu musa ba. Haka kuma kasuwa makaranta ce. Yaran da kansu sun gaya mana cewa juya naira zuwa sefa da ka, a bakin rumfa suka koye shi tun kafin mushe ya koya musu rabawa.

Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, sau nawa cikin ƴan shekarun nan muka wayi gari an rufe mana hanyar abinci ba tare da an yi shawara da mu ba? Da iyaka ta rufe, yaron da aka cire daga CM2 me ya rage a hannunsa? Kasuwa ya rasa, lakkwal ma ya rasa, ya yi biyu babu. Sannan kasuwancin kansa ya sake fuska. Takardun duwan, rasit, aika kuɗi ta salula, yarjejeniya da mai kaya a Kano ko Kwatano, duk sai da karatu. Mu nawa ne muka sa hannu a takardar da ba mu san abin da ke ciki ba, ko muka biya wani ya karanta mana? Ɗanka mai bak da ya san kasuwa ya fi maka amfani a rumfa bisa ga wanda aka cire tun bai iya rubuta wasiƙa ba.

Ba mu ce a raba yaro da sana'ar gidansu ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kasuwar Ƙonni Laraba take ci, ta Maigatari Alhamis, ta Maraɗi Litinin da Juma'a, duk ranakun karatu ne, kuma daga fashin ranar kasuwa ake fara barin lakkwal. A bar wa yaro ranakun karatunsa. Ga Lahadi da kasuwannin Illela da Jibiya, ga babban hutu na wata uku, sun isa koyon ciniki. Na biyu, kowane uba ya taka ƙafa ya je lakkwal ko da sau ɗaya cikin wata uku, ya ga mushe, ya karɓi takardar maki da hannunsa, ko bai iya karatu ba za a karanta masa. Na uku, ƴa mace da ta ci birbe a bar ta ta ƙarasa shekara ukun da suka rage, mai son ta da gaske zai jira. Na huɗu, shugabannin ƴan kasuwa da iyayen gida su daina ɗaukar ƴan lakkwal aiki a ranakun karatu, ko da kuwa iyayensu ne suka kawo su.

Yaran da ke CI yau, nan da shekara goma sha biyu wani zai zaunar da su ya tambaye su abin da suka tuna, kuma sunanmu ne za su ambata, ko da alheri ko da akasinsa. Ga masu zaman bak bana, Allah ya ba da sa'a. Waɗanda aka cire kuma, ƙannensu na nan cikin aji, kada a maimaita a kansu. Allah ya sa mu dace, amin.