Wasan Takobi Ya Rasa Masu Zana Labarinsa

Duk malamin da ya taɓa ƙwace littafin labarin zane daga ƙarƙashin teburin yaro ya san ƙarfin irin waɗannan littattafai. Abin da za a kwana bakwai ana bayaninsa a allo bai shiga ba, sai yaro ya haddace shi a zama ɗaya in ya gan shi a zane. Gani ya kori ji. Saboda haka ba ma ganin ƙaramar magana ce a ce akwai wani babban wasa na duniya wanda masu zane da masu majigin katun suka juya wa baya, watau wasan takobi irin na Turawa.

Ga wanda bai san shi ba, mutum biyu ne ke karawa a kan wani siririn fili mai tsawon mita 14, kowa sanye da fararen kaya masu kauri, fuska a rufe da raga ta ƙarfe. Takubban iri uku ne, ba su da kaifi, kuma ba sara ake nema ba, taɓawa ce kurum. Wanda ya riga taɓa abokin karawarsa sau 15 shi ya ci. Tun gasar Olamfik ta farko a Atina a 1896 ake yin wasan, ba a taɓa fid da shi ba, an kuma kafa ƙungiyarsa ta duniya a Faris a 1913.

To, a dubi Japan, inda sana'ar labarin zane ta fi ƙarfi. A 1981 Yoichi Takahashi ya fara Captain Tsubasa, labarin wani yaro mai son ƙwallon ƙafa. Aka mai da shi majigi, Larabawa suka juya shi da sunan Kaftin Majid, har manyan 'yan ƙwallo a Turai suka riƙa faɗin cewa sun tashi suna kallonsa. Daga 1990 zuwa 1996 Takehiko Inoue ya yi wa ƙwallon kwando Slam Dunk. Ƙwallon raga ta sami Haikyu a 2012. Kai, har wasan dara da ake kira go, wanda a zaune ake yinsa, ya sami nasa. Amma wasan takobi, in an ƙirga abin da aka zana a kansa, bai taka kara ya karya ba. Wanda aka fi ambata shi ne Fence, na C. S. Pacat da Johanna the Mad, wanda aka fara bugawa a Amurka a 2017. Abin mamaki kuwa, Japan ɗin nan ita ta zo kan gaba a wasan takobi a gasar Faris ta 2024, da lambobi 5, biyu na zinariya.

Masu sana'ar suna da hanzarinsu, kuma ya kamata a saurara. Suna cewa ragar nan tana rufe fuska, mai zane kuwa da ido da baki yake nuna tsoro ko fushi. Suna cewa wasan ya cika sauri: a ɗaya daga cikin takubban uku, in taɓawar mutum biyu ba ta wuce kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa tsakani ba, kowa ya ci, shi ya sa tun 1936 aka sa na'urar lantarki ta taya alƙali. Ga dokar wanda ya fara kai hari, wadda takan rikitar da baƙon ɗan kallo.

Mu dai ba mu karɓi wannan ba. 'Yan wasan kendo na Japan su ma a rufe fuskarsu take, an kuwa zana labarinsu tun da daɗewa. Zancen sauri kuma, ai nan ne zane ya fi kyamara. Ido ba ya iya bin bakin takobi, amma mai zane yana iya shimfiɗa ƙiftawar ido ɗaya a shafi goma, ya nuna abin da wannan ya nufa, da tarkon da wancan ya ɗana masa, da yadda aka gane tarkon. Wasan wayo ne da karanta zuciyar abokin karawa, ba na ƙarfin tuwo ba.

A ganinmu ainihin dalilin shi ne takobin yaƙi ya danne na wasa. Tun daga jaruman Alexandre Dumas na 1844 zuwa Zorro na 1919, an saba wa mai karatu da takobi mai zub da jini, da tsalle daga bene. Mai buga littafi yana tsoron kada a ce takobin da ba ya yanka ba shi da daɗi. Nan ne asarar take, gama yaro ya tashi bai san takobi da kome ba sai kisa, alhali ga wasan da doka ta wajabta a gai da abokin karawa da alƙali kafin a fara, a sake gaisawa bayan an gama, ko an ci ko an sha kaye.

Labaran ma ba sai an ƙaga ba. Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a Landan a 2012, shi ne ɗan Afirka na farko da ya sami lambar Olamfik a wasan. Ines Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a Riyo a 2016, a gasar da Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta yi wasa da hijabinta, ta kuma sami tagulla tare da 'yan ƙungiyarta. A 2024 Masar da Tunisiya suka ƙara lamba ɗaiɗai. Ko wane ɗaya cikin waɗannan ya isa littafi guda.

Muna kira ga ƙungiyar wasan ta duniya, da ta Faransa da Italiya da Masar, su daina jiran masu zane su zo da kansu. Su gayyace su ɗakin horo, su ba su takobi su riƙe, su biya kuɗin littafin farko, a juya shi cikin harsuna. Malamanmu kuma masu koyar da zane, kafin littafin ya iso, ga aikin aji: a nuna wa ɗalibai hoton karawa ɗaya, a ce su zana ta a gida shida, daga gaisuwa zuwa taɓawa.