Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yoyo

Ga ni kuma a wannan fili da Edita ya saba ba ni. Ni akawu ne, takardun shirin ayyukan raya ƙasa ta hannuna su kan bi. A watan jiya na buga wata mai shafi arba'in, ba a ambaci mutanen da za a yi wa aikin ba sai a shafin ƙarshe, inda aka ce wai za a sanar da su. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, in ba ku labarin ayyuka biyu, ku auna da kanku.

Na fari a Mokwa ne, cikin ƙasar Nufe. A 1949 Gwamnati ta haɗa kai da wani kamfanin raya ƙasa na Ingila, aka share daji, aka kawo motocin noma, aka gina sababbin ƙauyuka. Kowane magidanci aka yanka masa eka 24 ya noma, kashi biyu cikin uku na amfanin na kamfani, ɗaya nasa. To, mota ta yi huɗa, amma ciyawa sai da fartanya. Da an tambayi ko da yaron manomi, da ya faɗi cewa gida ɗaya ba shi iya nome eka 24 kafin ciyawa ta ci shuka. Ba a tambaya ba. A 1954 kamfanin ya janye, bayan hasara mai yawa.

Na biyu a ƙasar Maraɗi ne, cikin Nijar. Wani Bature mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta raba dashen itatuwa, rana da gara da awaki suna kashewa. A 1983 ya lura da cewa 'yan tsirin da manoma ke sassabewa kowace bazara, irin su kalgo da sabara, kututture ne masu rai, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa. Sai ya bar shirinsa na fari, ya roƙi manoma kaɗan su riƙa barin tsiri masu ƙarfi, su yanke sauran. Maƙwabta suka yi musu dariya. Da yunwar 1984 ta zo, aka riƙa ba da abinci bisa sharaɗin a bar itace a gona. Abinci na ƙarewa, da yawa suka sare nasu. Nan aka gane tilas ba ta dawwama. Aka bar wa kowane manomi ya zaɓi irin itacen da ya ke so, da yawan da zai bari, hukuma kuma ta sassauta, har manomi ya amince itacen gonarsa nasa ne. Da mutane suka ga makamashi da abincin dabbobi, suka ga gero na kyau ƙarƙashin gawo, sai maƙwabci ya koya wa maƙwabci. Shi ne a ke kira sassabin zamani, an kuwa ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Ku duba, dukansu biyu da kuskure suka soma. Bambancinsu, ɗaya ya ji maganar manomi ya sake dabara, ɗaya ya kafe bisa abin da ke takarda.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu abu uku. Tun ba a kafa turken awo ba, a zauna da mai gari da manoma da makiyaya, a nemi ta bakin mata kuma, gama su ke ɗibar ruwa da itace. Sa'an nan a soma da kaɗan, ƙauye ɗaya ko biyu. Kāna kowace kaka a koma a tambayi abin da ya yi da wanda bai yi ba, a bar wuri cikin shiri da kasafin kuɗi domin gyara.

Mu kuma akawuna da malamai, da mu kan yi tafinta a wurin taron nan, akwai namu laifi. Talaka ya kan ce "to" don ladabi, ba don ya yarda ba, mu kuwa mun sani, amma sai mu rubuta wai jama'a sun amince, don kada ran babba ya ɓaci. Ni kaina na taɓa yi, rijiyar da aka gina a kan wannan rahoto tana can bayan gari, ba mai ɗiba. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Mu faɗi abin da muka ji yadda muka ji shi.

Wanda ya ga irin wannan a garinsu, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya sa mu dace, amin.

Naku,
Akawu