Yawon buɗe ido a Arewa: tarihi na Matankari da Lugu, cinikin abinci na tashar Dogon Dutsi

Tun da hukumomin mulkin sojan Nijar suka sa wa wata lambar girmamawa ta ƙasa sunan Sarauniya Mangu, sunan Lugu da na yankin Arewa suka sake dawowa bakin jama'a. Sai dai wanda ya ɗaura niyyar zuwa ya gane wa idonsa wuraren da aka yi wannan tarihi, tambayar da ke fara tare shi ita ce inda zai ci abinci ya huta. Amsar kusan kullum guda ce: Dogon Dutsi, bakin kwalta. Can kuɗin baƙon ke tsayawa, garuruwan da ya zo dominsu kuwa sai ƙurar motarsa.

Abin da baƙo ke zuwa gani

Matankari, mai tazarar kimanin kilomita 15 arewa da Dogon Dutsi, shi ne tsohon mazaunin Sarkin Arewa, kafin Turawan mulkin mallaka su maida cibiyar mulkinsu Dogon Dutsi a farkon ƙarni na 20. Kusa da shi akwai Bagaji, garin Baura. Gaba kuma, cikin ƙaramar hukumar Dankasari, akwai Lugu, inda Sarauniya Mangu da mayaƙanta suka tari ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Nan ne kuma ake zancen dutsen Tunguma, wanda Arawa suka daɗe suna kai wa shari'ar da ta gagara.

Duniya ta san wannan labari ta hanyar littafin "Sarraounia" na Abdoulaye Mamani, da ya fito a 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Ke nan suna dai Arewa ta riga ta yi shi. Abin da ya rage shi ne sunan ya kawo wa mutanen yankin abin sawa a baka.

Inda abincin yake

Dogon Dutsi na kan hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram. Tazararsa da Yamai ta kai kimanin kilomita 270, daidai inda yunwa ke fara taɓa matafiyi. Manyan motocin kamfanonin sufuri irin su Rimbo da STM na bi ta garin dare da rana, shi ya sa masu balangu da tsire, masu shayi da ƙwai, mata masu shinkafa da wake da masu dambu suka taru a bakin hanya. Wanda ya san gari yakan duba inda direbobi ke zama, don direba ba ya komawa wurin da ya taɓa ɓata masa ciki.

A garuruwan da ke nesa da wannan hanya lamarin ya sha bamban. Abincin sayarwa na bin lokacinsa: ƙosai da masa da safe, fura da rana, tuwo da almuru, nama kuma ya fi samuwa ranar kasuwa. Ɗan gari ya san gidan da ake yin kowanne. Baƙon da ya sauka da azahar, ba allo ba mai nuni, sai ya ɗauka babu komi.

Akwai kuma dalili na al'ada. A ƙasar Hausa abin kunya ne baƙo ya sayi abinci alhali yana da mai masauki. An ce baƙonka annabinka. Jami'i ko ɗan bincike da ya zo gaida sarki, daga gida ake fito masa da akushi. Wannan karamci abin alfahari ne, amma gida guda ba ya iya ciyar da motar 'yan makaranta sittin, kuma ɗawainiyar na faɗawa kan matan gida ba tare da ko dala ta shigo hannunsu ba.

Batun mashaya kuwa, dokar Nijar ba ta hana sayar da giya ba, saɓanin jihohin Sakkwato da Kabi na Najeriya da ke maƙwabtaka da yankin, waɗanda ke aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Amma hirar dare a Arewa a fadar samari ake yin ta, gaban butar shayi. Mai neman zuba jari don baƙi zai fi cin riba da ruwan sanyi da wurin alwala.

Baƙin da suka daina zuwa

Shekaru da dama, in aka ce yawon buɗe ido, Bature ake nufi. Wannan kasuwa ta mutu a matakai. Ranar 9 ga watan Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a gandun raƙuman dawa na Kure, kan hanyar Yamai zuwa Dosso: Faransawa shida ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED da 'yan Nijar biyu. Daga nan Faransa ta gargaɗi 'yan ƙasarta da su guji ko'ina a Nijar in ban da Yamai. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, jiragen Air France suka daina sauka, sojojin Faransa suka kammala ficewa a watan Disamba na wannan shekara, ofishin jakadancinta kuma ya rufe.

Matsalar tsaro ta taɓa yankin kansa. A watan Yunin 2024 an kashe sojoji shida masu gadin bututun man da ke zuwa Benin, a kusa da Tibiri. Labari irin wannan na sa ko ɗan ƙasa ya yi tunani kafin ya bar babbar hanya.

Masu abinci sun sha wuya ta wani gefen. Takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya rufe iyakoki daga ƙarshen Yulin 2023 har zuwa Fabrairun 2024, Najeriya kuma ta katse wutar lantarkin da Nijar ta fi dogaro da ita. Firiji in ba wuta akwati ne kawai, naman da aka yanka dole a sayar da shi ranar. Cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 shi ma ya ƙara kuɗin mota da na kabu-kabu a duk garuruwan bakin iyaka.

Kasuwar da ta rage

Duk da haka hanya ba ta mutu ba. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa biki na bin ta kullum. Gasar kokowar gargajiya ta takobin ƙasa da Dosso ta karɓi baƙunci a watan Disamban 2024 ta nuna yadda 'yan Nijar ke tasowa daga jihohi takwas don abin da yake nasu, da kuɗinsu a aljihu. Irin wannan baƙo bukatarsa ba ta da yawa: inuwa, kwano mai tsabta, ruwan wanke hannu, makewayi, da farashin da aka faɗa masa tun kafin ya ci.

Kayan girkin ma na nan. Fadamar Dallol Mauri na da ruwa kusa, kuma Dogon Dutsi ya yi suna da noman dankalin Turawa a lokacin sanyi, aikin da haɗin gwiwa da garin Orsay na Faransa ya taimaka wa bunƙasa. Ana loda buhunansa zuwa kasuwannin birane ɗanye, lokacin da kowa ya haƙe nasa kuma farashi ya faɗi. Buhun da aka soya ko aka dafa a Matankari, da albasa da tumatir na lambun gari da naman mahautan gari, ribarsa a gari za ta kwana. A yankin da samari ke tafiya bida da zarar an kau da amfanin gona, wannan ba ƙaramin zance ba ne.

Wa zai ɗauki nauyi

Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa shugabannin riƙo. A hannunsu ikon filin kasuwa da tasha yake, kuma abin da ake bukata bai wuce ƙarfinsu ba: rumfa mai famfo da makewayi a inda motoci ke tsayawa, allo a mararrabar Dogon Dutsi mai nuna hanyar Matankari, da yarjejeniya da ƙungiyoyin mata ta yadda makaranta ko tawaga za ta buga waya kwana guda kafin ta iso, ta iske abinci a shirye. Jami'an tsabtar muhalli kuma su riƙa leƙawa, don ciwon ciki guda na iya korar masu ciniki na shekara.

Lugu na bukatar taka-tsantsan na daban. Wuri ne mai alfarma ga masu shi, kuma Sarauniya da dattawanta ke da ta cewa kan abin da baƙo zai gani da inda ƙafarsa za ta tsaya. Hakan ma ya sa Matankari ya fi dacewa da zama zango: a ci a sha a can, a ɗauki ɗan jagora, a je a dawo kafin la'asar.

Tsaro shi ne sharaɗin farko, kuma ba ya hannun mai tuwo ko mai balangu. Sauran kuwa aikin gida ne da za a iya somawa kafin sanyi ya shigo, lokacin da dankali ke nuna kuma tafiya ke daɗi. Da ruwan ciki kan ja na rijiya. Baƙon da ya ƙoshi a Matankari shi zai tsaya ya saurari tarihinta.