Ba A Fafe Gora Ranar Tashi



Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu tashin ƙananan jiragen sama na rimot ya san abin da ke ɗaukar ido: fikafikai, fenti, da ƙarar farfela. Ba mai tambayar wata 'yar na'ura mai girman kwalin ashana da aka naɗe da roba aka cusa a cikin jirgin. Masu harkar suna kiranta ESC, aikinta kuwa daidaita gudun inji. Ra'ayina a kanta shi ne, wanda ya sayo ta ya jona ya tashi jirgi bai zauna ya saita ta ba, ya bar wa ma'aikacin masana'anta hukuncin jirginsa, alhali ma'aikacin bai taɓa ganin jirgin ba, bai san batirin da ke ciki ba, bai san irin zafin garin da za a tashe shi ba. Rabin awa a kan tebur ita ke raba mai komawa gida da jirginsa da mai komawa da tarkace a leda.

Bari mu fara da sanin abin da take yi. Tsohon injin lantarki, irin na tsofaffin motocin wasan yara, yana da buroshin gawayi da ke goga a jikin sandar da ke juyawa, shi ke sauya wa wuta hanya. Injin da jiragen yanzu ke amfani da shi ba shi da wannan buroshi. Wayoyi uku ne suka fito daga cikinsa, in ka jona su kai tsaye da batir ba zai juya ba, sai dai ya ƙone. ESC ce ke yin aikin buroshin. A cikinta akwai makunnai guda shida na lantarki, biyu ga kowace waya, tana kunna su tana kashewa bi da bi, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. A kowane lokaci waya biyu ke ɗauke da wuta, ta ukun kuma tana saurare da ita: maganaɗisun da ke juyawa yana haifar da 'yar wuta a wayar da ke hutu, da wannan take gane inda injin ya kai, ta san wanda za ta kunna na gaba. Shi ya sa in farfela ta juya baya-baya, magani kawai a sauya wa biyu daga wayoyin ukun wuri.

Wani abin sha'awa, na'urar ba ta da lasifika. Ƙarar ɗit-ɗit da ake ji idan an jona batir, injin ne da kansa take girgizawa ya yi ta. Da wannan ƙarar take gaya maka halin da take ciki, kuma yawancin masu gaggawa ba sa sauraronta.

Abu na farko da ake saitawa shi ne totur. Rimot yana aika saƙo ga risibar da ke cikin jirgi, ita kuma ta miƙa wa ESC bugun lantarki kimanin sau 50 a daƙiƙa. Tsawon bugun shi ne umarni: kashi 1 cikin dubu na daƙiƙa yana nufin a tsaya, kashi 2 cikin dubu yana nufin a ba da wuta duka. Amma kowane rimot da ɗan bambancinsa, dole a nuna wa na'urar inda ƙasan sandarka yake da inda samanta yake. A yawancin na'urorin jiragen fiffike, irin su Skywalker na kamfanin Hobbywing na ƙasar Sin, ga yadda ake yi: a cire farfela, a kunna rimot, a ɗaga sandar totur har ƙarshe, sannan a jona batir. In aka ji ɗit-ɗit sau biyu, sai a sauke sandar ƙasa gaba ɗaya, a jira ƙarar amincewa. Shi ke nan. Wanda ya tsallake wannan zai iya samun injin da ya ƙi tashi sam, ko wanda ke kaiwa ƙarshen gudunsa tun sanda tana tsakiya, sauran rabin ya zama banza. Masu rimot ɗin Futaba kuma su sani, bisa al'ada sai sun juya tashar totur a saitin rimot, in ba haka ba na'urar za ta ɗauki ƙasa a matsayin sama.

Na ce a cire farfela, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Injin da aka rubuta wa KV 1000 yana juyawa sau 1000 a minti kan kowane bolt idan ba kaya a kansa. A batir mai bolt 11.1, wannan ya haura juyi 11,000 a minti. Ko da nauyin farfela ya rage gudun, abin da ya saura ya isa ya tsaga yatsa har ƙashi. Lokacin saiti kuwa shi ne daidai lokacin da sandar totur ke sama kuma hannunka ke kusa da injin.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci, shi ne abin da na'urar za ta yi idan batir ya yi rauni jirgi yana sama. Batirin LiPo jerin ƙananan batura ne, kowanne ana ce masa sel. Sel ɗaya cikakke yana da bolt 4.2, kuma idan aka tatse shi ya sauka ƙasa da bolt 3, ya fara lalacewa, yana iya kumbura, kumburarren LiPo kuwa kan kama da wuta wajen caji. Don haka ESC ke da iyakar da take janye wuta daga inji. A Skywalker zaɓi uku ne: bolt 2.85, 3.15, ko 3.3 ga kowane sel. Batir mai sel 3 a matsakaicin zaɓi zai tsaya a bolt 9.45.

Tarkuna biyu ke nan. Na farko, irin batir. In aka bar na'urar a saitin tsohon batirin NiMH alhali LiPo ne a ciki, lissafinta ya sauya: za ta iya jira sai wutar ta sauka zuwa rabin abin da ta tarar lokacin jonawa. Rabin 12.6 shi ne 6.3, wato bolt 2.1 ga kowane sel. Batirin ya gama yawo a tashi ɗaya. Wannan ya fi samun wanda ya sayi na hannu, bai san abin da mai ita na farko ya zaɓa ba. Na biyu, ƙirgen sel. Na'urar tana ƙiyasta yawan sel ne daga ƙarfin wutar da ta gani, sannan ta sanar da kai da ƙara, ɗit ɗaya ga kowane sel. Batir mai sel 4 da ya sha aiki ya sauko kusa da bolt 13 zai iya rikita ta, ta ɗauka cikakken mai sel 3 ne. Mai kunne zai ji ɗit uku a inda ya kamata ya ji huɗu, ya cire batirin. Mai gaggawa yana can yana hira.

Sai kuma yadda za ta janye wutar: ko ta yanke gaba ɗaya nan take, ko ta riƙa ragewa a hankali. A nan ina tare da ragewa a hankali, ba kwana-kwana. A duka biyun ƙananan injinan da ke motsa fikafikai da jela suna ci gaba da aiki, to amma jirgin da injinsa ya mutu kwatsam yana cikin hawa, hancinsa a sama, gudunsa kaɗan, faɗuwa yake yi kafin matuƙi ya farga. Kuma lokacin hawa ne aka fi jan wuta, ƙarfin batir ya ɗan durƙusa na ɗan lokaci, musamman tsohon batir, har ya taɓa iyakar alhali da sauran caji. Ragewa a hankali tana ba ka gargaɗi da 'yan daƙiƙun juyowa gida. Wataƙila batirin ya ɗan wahala, amma gara a wahalar da batir a tsira da jirgi, balle a ce ƙarƙashinsa akwai mutane.

Mafi kyau ma kada a kai ga wannan iyaka. Lissafin ba wuya: batir mai mAh 2200, in za ka yi amfani da kashi 80 cikin ɗari, kana da 1760. Jirgin da ke jan amfiya 10 a matsakaici zai cinye wannan cikin minti goma da rabi. Sa agogon rimot a minti 8, ka sauka, ka auna abin da ya rage, sannan ka gyara. Iyakar da ke cikin ESC katangar bakin rijiya ce, ba a jingina da ita kullum.

Abu na uku shi ne zafi, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da ke ganin rana ta haura digiri 40 a watan Afrilu. Yawancin ESC suna da sashen da ke rage wutar batir zuwa bolt 5 don ciyar da risiba da injinan fikafikai. A masu araha, wannan sashe yana ƙona rarar ne ta zama zafi. Daga bolt 12.6 zuwa 5 rarar 7.6 ce, in ana jan amfiya 2, wat 15 ke nan na zafi a cikin abu mai girman kwalin ashana. In sashen ya gaji ya ɗauke, risiba ta mutu, jirgin ya zama marar matuƙi na gaske. Saboda haka a zaɓi na'urar da ƙarfinta ya ɗara abin da inji ke ja da kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, a auna jan da ma'aunin wat maimakon a yi hasashe, a kuma ajiye ta inda iska ke ratsawa, kada a binne ta cikin soso. In waya ta gaza, a ƙara tsawon ta ɓangaren inji. Doguwar wayar batir tana haifar da tsallen wuta da ke gajiyar da kafasitocin na'urar.

Birki ma zaɓi ne da masana'anta ba za ta yi maka ba. Jirgin shawagi mai farfela mai naɗewa yana buƙatar birki a kunne, don farfelar ta tsaya ta kwanta a jikinsa. In ba birki, iska za ta yi ta juya ta, tana ja wa jirgin baya. Jirgin koyo kuwa yawanci a kashe ake barinsa. Haka tashin inji: mai fiffike yana son amsa nan take, mai saukar ungulu yana son a ɗauke shi sannu don kada haƙoran giya su karye. Na'ura ɗaya ce, amma ba ta san a wane jirgi aka ɗaura ta ba.

Na san masu ja za su ce, ai injiniyoyin da suka ƙera ta sun fi mu sani, kuma saitin da ta zo da shi yana yi wa mafi yawan jirage aiki. Za su ƙara da cewa sabon shiga da ya shiga taɓe-taɓe ya fi wanda ya bar ta yadda take ɓarna. Akwai gaskiya a nan, musamman kan taimin, wato yadda na'urar ke riga maganaɗisu kunna wuta. Ɗaga taimin yana ɗan ƙara gudu, yana kuma ƙara jan wuta da zafi. Shawarata ga sabon shiga ya bar shi inda ya same shi, sai in injin yana sarƙewa ko yana ƙara mai kama da kuka idan an ba shi wuta da sauri. Wasu kuma za su ce jirage masu farfela huɗu na zamani, masu aiki da tsarin DShot, ba sa buƙatar saitin totur ko kaɗan. Haka ne, domin saƙonsu lambobi ne. Amma mafi yawan jiragen fiffike da mai koyo zai fara da su har yanzu da tsohon bugun suke aiki.

Abin da nake kira gare shi shi ne a duba kowane saiti a san me ke ciki, ko da a ƙarshe ba a sauya komai ba. Wanda ya karanta takardar bayani, ya bi jerin saitin ɗaya bayan ɗaya, ya ga duk sun dace da jirginsa ya bar su, ya yi aikinsa. Wanda bai duba ba, sa'a yake ci, sa'a kuwa ba ta da alƙawari. Kuma dubawar ba tsada. Ana iya yi da sandar totur ana ƙirga ƙara, ko da yake yana da gajiyarwa. Katin saiti, wanda kuɗinsa bai kai na batir ɗaya ba, yana nuna komai da 'yan fitilu. Na'urorin Castle Creations na Amurka da masu manhajar BLHeli kuwa da kwamfuta ake saita su.

Gwaji na ƙarshe kafin a mayar da farfela: a ba inji 'yar wuta, sannan a kashe rimot. Dole injin ya tsaya. In ya ci gaba da juyawa, to ba a gaya wa risiba abin da za ta yi idan saƙo ya yanke ba, kuma ranar da hakan ta faru a sama, jirgin zai yi ta tafiya da wutarsa har ya sami abin da zai tsayar da shi, ko rufin wani ko kan wani. Jirgin da ya faɗi wannan gwaji ya kwana a gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wanda ke ganin yanke wuta nan take ya fi, ko yana da wata hujja kan taimin, fili a buɗe yake, ya kawo mu ji. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.